Yadda Za Ka Gane Jirgin Ruwan da Ba Ya Saurin Kifewa Kafin Ka Saya ko Ka Yi Masa Lodi

Tunda cunkoson hanyar Ikorodu da ta Apapa a Legas ya kora mutanenmu da yawa zuwa ruwa, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini. Masu kai albasa da doya ƙauyukan bakin ruwa suna yi, waɗanda suka haɗa kuɗi za su sayi jirgin haya suna yi, har da samarin da suka samu aiki a jirage masu tafiya da iska na Lagos Yacht Club. Wai wane irin jirgi ne ba ya kifewa?

Babu shi. Kowane jirgi yana da iyakar da in ya wuce ta sai ya juye. Ƙirar gangar jikinsa ce take nuna inda iyakar take, ita ce kuma take nuna ko zai yi maka gargaɗi kafin ya kai can. Abin da ke yaudarar masu saye shi ne, jirgin da ka taka a tasha ka ji shi daram, sau da yawa shi ne ba ya gargaɗi. Don haka kada ka yi ciniki da tafin ƙafarka. Ga yadda ake dubawa, kuma ka bi matakan a jere, domin kowanne yana dogara ne da na gabansa.

Kayan da za ka tanada

Tef na awo mai mita 10, igiya siririya da ƙaramin ƙarfe mai nauyi da za a ɗaura mata, katako miƙaƙƙe, bokiti, alli da fenti, wayar da ke da agogon ƙirga daƙiƙa, da jarkoki masu lita 25. Jarka ɗaya cike da ruwa kilo 25 ce da ɗan ɗoriya, uku sun tashi nauyin babban mutum ɗaya. In ba ka da jarkoki da yawa, buhunan yashi da ka auna su ma sun yi. Sai abokan aiki biyu da rigar kariya ga kowa. Duk wannan bai kai kuɗin man tafiyar yini ɗaya ba, jarkokin ma aro ake yi wurin masu sayar da ruwa a biya su ladan yinin.

1. Fara da ruwan, ba da jirgin ba

Legas ruwa uku ne daban-daban, jirgin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da sauran ba. Akwai cikin tafki, wato tsakanin Ikorodu, Oworonshoki, Badore har zuwa Epe, da rafin da ya nufi Badagry. Yawancinsa ba shi da zurfi, amma yana da faɗin da iska ke samun filin tayar da ƙananan igiyoyi masu tsini da ke zuwa ƙafa da ƙafa. Akwai yankin Apapa da Marina da Five Cowrie, inda abin tsoro shi ne igiyar da manyan jirage da masu gudu ke bari a bayansu. Sai mashigin teku wajen Tarkwa Bay, tsakanin katangun duwatsun nan biyu, inda ruwan da ke janyewa daga tafki ke karo da raƙuman ruwan da ke shigowa daga kudu maso yamma, sai igiya ta miƙe tsaye tana fashewa.

Rubuta hanyar da jirgin zai riƙa bi, da irin kayan da zai ɗauka, da nauyinsu. Wanda ya tsallake wannan matakin shi ne ke sayen jirgin tafki ya kai shi bakin teku.

2. Fito da shi tudu ka kalli gindinsa

Kada ka yarda ka sayi jirgin da ba ka ga ƙasansa ba. A jawo shi kan yashi, ko a jira ruwa ya janye. Tsaya a bayansa, ka tsugunna, ka kalli siffarsa daga baki zuwa baki.

Kafin ka je, yi wannan a baho a gida, zai sa ka gane abin da za ka gani. Ɗora tiren mai talla a kan ruwa, ka sa kwalba rufaffiya mai yashi a gindi kusa da shi. Tire ba ya motsi, ko ka danna gefensa kaɗan sai ya tura yatsanka. Amma ka ƙara dannawa har leɓensa ya taɓa ruwa, nan take ya tafi, kuma ba ya dawowa. Kwalba kuwa ko numfashi ka hura mata sai ta yi rawa, amma ka kwantar da ita, ka juya ta, tana sakinka za ta miƙe. Tire da faɗinsa yake tsayuwa, kwalba da nauyin gindinta. Duk jirgin da za ka gani yana wani wuri tsakanin waɗannan biyun.

Mai shimfiɗaɗɗen gindi, irin na katako da kafintocin Makoko da na Ilaje ke haɗawa, shi ne ya fi kusa da tire. Yana ɗaukar kaya, yana shiga ruwa marar zurfi, ana iya tsayuwa a cikinsa a jefa birgi. Aibinsa biyu ne. Na farko, ƙarfin da yake turo ka da shi yana kaiwa ƙololuwa da wuri, da zarar gefe ɗaya na gindin ya fita daga ruwa sai ƙarfin ya fara zubewa da sauri. Na biyu, yana bin fuskar ruwa ne: in igiya ta zo masa ta gefe, yadda igiyar ta karkata haka shi ma zai karkata.

Mai zagayayyen gindi, kamar kwale-kwalen da aka fafe daga icce guda, yana rawa tun daga taka shi. Baƙo yakan tsorata, amma igiya tana wucewa ta ƙarƙashinsa ba tare da ta ɗaga gefensa sosai ba. Sharaɗinsa shi ne nauyi ya zauna a ƙasa. Mutum biyu suka miƙe tsaye a cikinsa, magana ta ƙare.

Mai gindi mai tsini, wato siffar V, shi ne yawancin jiragen faiba masu inji. Tsinin gaba yana yanka igiya, bayan kuma yakan ɗan baje don ya samu zama. In tsinin ya yi zurfi har baya, jirgin zai yi daɗin gudu, zai kwanta ciki in an sha kwana, amma a tsaye a tasha yana da rawa, lokacin da fasinjoji ke hawa da sauka ke nan.

Mai ganga biyu, wato mai gangar jiki biyu a jere da aka haɗa ta sama, irin Hobie 16 da ake tsere da shi da wasu jiragen fasinja na zamani, ya fi kowa tsayuwa daram. Sai dai in ya kife, zamansa a kife ya yi daidai da zamansa a miƙe.

Bayan gindi, dubi bangon gefe. Wanda ya buɗe waje yana hawa sama ya fi wanda ya miƙe sak, domin duk lokacin da jirgin ya karkata ko ya ƙara nutsewa, faɗinsa a kan ruwa ƙaruwa yake yi.

Gargaɗi: yayin da yake tudu, ƙwanƙwasa katakon ƙasa da guduma, ka caka wuƙa a mahaɗa. A jirgin faiba kuma ka saurari ko akwai ruwa tsakanin daɓen ciki da gindin waje. Ruwan da ya ɓuya a can yana iya kai nauyin fasinjoji da dama, ba wanda ya gan shi.

3. Auna faɗi, tsawo da rata

Mayar da shi ruwa, ka auna abu uku: tsawonsa a daidai layin ruwa, faɗinsa a daidai layin ruwa, da tazarar da ke tsakanin ruwa da wurin da ya fi ƙasa a bakin jirgin. Wannan tazarar ce zan riƙa kira rata.

Faɗin layin ruwa ake nema, ba na baki ba. Mai sayarwa zai shimfiɗa tef daga leɓe zuwa leɓe ya ce maka mita biyu, alhali abin da ke zaune a kan ruwa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, saboda taimakon da siffa ke bayarwa wajen tsayuwa yana tafiya ne da faɗi sau faɗi sau faɗi. Jirage biyu masu tsawo ɗaya da nauyi ɗaya, in ɗaya ya fi faɗi da kashi 10 cikin ɗari, taimakon siffarsa ya fi da kusan kashi 33. In da kashi 20 ne, ya haura kashi 70.

Wurin da ya fi ƙasa kuwa sau da yawa ba a gefe yake ba, a baya yake, inda aka yanke katako don a maƙala inji. Ta nan ruwa ke shigowa in direba ya kashe gudu farat ɗaya, igiyar da ke biye da shi ta cim masa.

Yanzu yi wannan lissafin, zai amfane ka kullum. Ninka tsawo da faɗi, ka ninka da 0.7 saboda gaba da baya sun tsuke. Jirgi mai mita 9 da faɗin mita 1.8 zai ba ka kusan 11. Ninka da 10, ka samu kilo 110. Ma'ana duk kilo 110 da ka ƙara, jirgin zai nutse da santimita ɗaya. Buhun shinkafa biyu ke nan, kusan. Buhu ashirin sun cinye santimita tara zuwa goma na ratarka.

4. Duba inda nauyi ya taru

Ƙira mai kyau ba ta ceton jirgin da aka tara wa nauyi a sama. Bi shi da ido daga sama zuwa ƙasa. Rumfar ƙarfe ce ko ta tamfol mai sauƙi? Kujerun suna kusa da daɓe ko an ɗaga su daidai baki don a cusa kaya a ƙarƙashi? Injin daidai yake da wanda aka ƙera jirgin dominsa? Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 yana kai kusan kilo 70, mai 75 kuma ya haura kilo 100, duk a rataye a ƙarshen baya inda rata ta fi ƙanƙanta.

A wata tasha ta ɓangaren Ikorodu na taɓa tsayawa ina kallon ana lodin albasa. An jera buhuna har sun kai baki, mai kaya yana nuna rufin rumfa, yana cewa a ɗora sauran shidan a can. Direban dattijo ne, daga jin Hausarsa ka san Basarke ne na wajen Yawuri. Ya tsugunna ya sa tafin hannunsa tsakanin ruwa da bakin jirgin, bai ce komai ba.

"Baba, ai da sauran wuri," in ji mai albasa.

"Alhaji, wuri kam akwai. Ruwa ne bai yarda ba."

Aka bar shidan a tudu sai sawu na biyu. Buhu shida a kan rufi sun fi goma sha biyu a daɓe haɗari, domin abin da ake lissafawa shi ne nauyi sau tsayin da yake a sama.

Ƙa'idar lodi: mai nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, marar nauyi a sama, komai a ɗaure. Kwandunan tumatir ba su da nauyin siminti, amma in an gina su sama iska na samun abin turawa. Babur a kwantar ko a ɗaure shi ta ɓangare biyu. Raguna da shanu su ne suka fi kowane kaya sharri, musamman gab da Babbar Sallah, saboda in jirgi ya karkata duk sai su zame gefe guda. A ɗaure su gajere, a raba su da shinge.

5. Gwajin jarka

Wannan shi ne zuciyar aikin, kada ka yi gaggawa. Zaɓi safiyar da babu iska, a wurin da ruwa bai wuce ƙirji ba, nesa da hanyar jiragen gudu. A kwarfe ruwan cikin jirgin tas. A sassauta igiyoyin da aka ɗaure shi da su, kada wata ta riƙe shi, kada kuma gindinsa ya taɓa ƙasa.

Kafa sanda a tsakiyar jirgin, ka rataya igiyar nan mai ƙarfe. Auna mita ɗaya cif daga inda ka ɗaura ta, ka gitta katakon a daidai nan. Bar ƙarfen ya nutse cikin bokitin ruwa ba tare da ya taɓa gindin bokitin ba, don ya daina lilo. Inda igiya ta tsaya a jikin katako, ja layi da alli. Mai karanta awo ya zauna a tsakiya, kada ya motsa har a gama.

Yanzu loda jirgin yadda zai riƙa aiki: inji, mai, da nauyin kaya ko na fasinjoji. In na fasinja ne, jarka uku madadin mutum ɗaya, kuma a kan kujera za a ɗora su, ba a daɓe ba. Nan mutane ke cutar kansu, su jera jarkoki a ƙasa, awo ya yi kyau, alhali mutum ba a daɓe yake zama ba. Jarkokin su cika fal.

Raba nauyin da za ka matsar gida huɗu. Matsar da kashi na farko zuwa gefe ɗaya, iyakar inda fasinja zai iya zama. Jira jirgin ya natsu, ka auna nisan da igiya ta yi daga layin alli, ka auna ratar gefen da ya yi ƙasa, ka rubuta. Sannan kashi na biyu, na uku, na huɗu.

Santimita 12 a igiya mai mita ɗaya daidai yake da karkatar digiri 7, santimita 18 kuma digiri 10. Ƙa'idar da Ingila ke amfani da ita ga ƙananan jiragen haya ita ce in kowa ya koma gefe ɗaya, karkata kada ta wuce digiri 7, kuma buɗaɗɗen jirgi ya rage da ratar santimita 25. Ni ma a nan nake tsayawa. In ka kai ɗayan biyun kafin ka gama matsar da nauyi, dakata, ka samu amsarka: lodin ya yi wa jirgin yawa. Rage, ka sake.

Amma lambar ƙarshe ba ita kaɗai ce abin dubawa ba, dubi yadda lambobin ke hawa. In ka samu 3, 6, 9, 12, jirgin yana turo ka daidai gwargwado. In ka samu 2, 4, 7, 12, ya fara sakin jiki, kashi na biyar da ba ka gwada ba shi ne zai kai shi. Na biyun ya fi ban tsoro duk da cewa farkonsa ya fi kyau.

Daga nan mayar da komai tsakiya. Igiya ta koma kan alli? In ba ta koma ba, ko wani abu ya zame, ko akwai ɓoyayyen ruwa. Maimaita gwajin ta ɗaya gefen.

Gargaɗi: in gwaji ya ce a'a, to a'a ne, ko da an riga an ba da kafin alƙalami. A shekarar 1628 Suwidin ta kammala ƙera babban jirgin yaƙi mai suna Vasa. Aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga gefe zuwa gefe don a gwada shi, bayan sawu uku aka tsayar da su saboda tsoron kada ya kife a tasha. Duk da haka aka sake shi. Bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse.

6. Gwajin lilo

Da lodin a tsakiya, mutum ya tsaya a kan jeti ya riƙa danna bakin jirgin yana saki har ya kama lilo, sannan ya cire hannu. Daga gefe ɗaya zuwa ɗayan a dawo, lilo ɗaya ke nan. Ƙirga uku ko huɗu da agogo, ka raba ka samu na guda.

Gwada adadin daƙiƙar da faɗin jirgin a mita. In daƙiƙar ba ta kai faɗin ba, ko ta yi daidai da shi, alama ce mai kyau. In jirgi mai faɗin mita 2 yana cin daƙiƙa uku ko fiye, yana tafiya a hankali, yana ɗan tsayawa a ƙarshe kamar mai shawarar ko ya dawo, nauyinsa ya yi sama. Fasinjoji sun fi son irin wannan saboda ba ya jijjiga su, shi ne kuwa mai haɗarin. Shimfiɗaɗɗen gindi yakan tsaya bayan lilo ɗaya, in haka ne ka dogara da mataki na biyar.

7. Ruwan da ke yawo a ciki

Santimita 5 na ruwa a daɓe mai tsawon mita 8 da faɗin mita ɗaya da rabi, kilo 600 ne. Nauyin kansa ba shi ne babbar matsalar ba. Jirgi na karkata kaɗan, duk ruwan sai ya ruga gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danna shi. Kuma illar tana ƙaruwa ne da faɗin daɓe, wato jirgin nan mai faɗi da ka ji daram shi ne ruwan ciki ya fi yi wa ɓarna. In aka sa katanga a tsakiya daga gaba zuwa baya ta raba ruwan biyu, illar tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Duba ko akwai rami a daɓe inda ruwa ke taruwa a kwarfe shi cikin sauƙi, kuma kada lodi ya rufe wurin. Durom ɗin mai ko tankin ruwa da ke rabi shi ma haka yake yi, gara cikakke ko fanko.

8. In mai tafiya da iska ne

Duk abin da ya gabata ya shafe shi, sai dai an ƙara masa abokin gaba: iska tana tura ƙyalle a sama, ruwa yana riƙe jirgin a ƙasa, tsakaninsu sai a karkata shi. Ƙarfin turin yana tafiya da gudun iska sau kansa. Iska ta ninka biyu, turi ya ninka huɗu.

Fara da gano me ke miƙar da shi. Kwale-kwalen masuntan da kake hangowa daga gadar Third Mainland da ƙyallen buhuna da sandar gora, da ƙananan jiragen kulob masu allon tsakiya da ake zarewa, da masu ganga biyu, duk nauyin mutanen ciki ne ke miƙar da su. Allon tsakiya yana hana zamewa gefe ne kawai, ba ya hana kifewa. A irin waɗannan, igiyar ƙyalle a hannu ake riƙe ta, ba a ɗaure ta, don in iska ta bugo a sake. Ka kuma koyi tayar da shi bayan ya kife, a ruwa marar zurfi, tun kafin ranar ta zo. A tafkin Legas akwai ƙarin matsala: sandar ƙyalle takan cake a laka in jirgin ya juye gaba ɗaya.

Manyan kuwa suna da kil, wato farantin ƙarfe ko dalma da ke rataye a ƙarƙashi. Shi ne yashin gindin kwalba. Tambayi abu uku: nauyinsa, zurfinsa, da lafiyar kusoshin da suka riƙe shi. Kil mai nauyi da bai yi zurfi ba, wanda bai kai shi nauyi ba amma ya fi shi zurfi zai iya fin sa aiki. Tsatsa ko tsaga a mahaɗar kil da ganga dalili ne na fasa ciniki har sai masani ya duba.

A takardun jirgin nemi digirin da in ya wuce shi ba ya dawowa. Mai fita teku ana so ya kai 120 ko fiye, wato ko sandarsa ta nutse cikin ruwa zai miƙe. An ɗauki wannan magana da gaske ne bayan tseren Fastnet na 1979 tsakanin Ingila da Ayalan, inda jirage 303 suka fita, guguwa ta same su, 15 daga cikin masu tseren suka mutu. Bincike ya nuna jirage masu faɗi marasa nauyi, da ake yayi lokacin, in sun kife sukan daɗe a kife.

Daga nan aka fito da wani ɗan lissafi na tacewa. Raba nauyin jirgin a kilo da 1,025. Nemo lambar da in ka yi ita sau ita sau ita za ta ba ka wannan amsar. Raba faɗin jirgin a mita da ita. Misali, jirgi mai kilo 4,200 da faɗin mita 3: rabawa ta ba da 4.1, lambar ita ce 1.6, sakamako 1.9. Wani mai kilo 3,500 da faɗin mita 3.4 zai ba da kusan 2.3. Ƙasa da 2 ake nema ga mai fita teku. Wannan lissafin bai san inda kil yake ba, kuma ba a yin sa ga kwale-kwale ko mai ganga biyu. Yana taimaka maka ka ware jirage ne, ba ya yanke hukunci.

Gargaɗi: a teku ba iska ce ta fi kifar da mai kil ba, igiya mai fashewa ce in ta same shi ta gefe. Gwaje-gwajen da aka yi a Jami'ar Southampton bayan Fastnet sun nuna igiyar da tsayinta ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jirgi tana iya kifar da wasu, wadda ta kai kusan kashi 60 cikin ɗari kuwa ba ta bar ko ɗaya ba. A Legas kuma ka kula da hadarin farkon damina da na ƙarshenta, wanda ke tasowa daga gabas alhali iskar yau da kullum daga kudu maso yamma take. Gabas ta yi baƙi, sauke ƙyalle tun iskar ba ta iso ba.

9. Gyaran da ya cancanci kuɗinka

In jirgin ya kusa cin gwaji amma bai ci ba, fara da abin da ba ya cin kuɗi: rage lodi, sauke kujeru ƙasa, cire rumfar ƙarfe a sa ta tamfol. Sannan ɗaure jarkoki fanko masu murfi mai kyau a ƙarƙashin kujeru ta gefe da gefe. Kowace tana ɗaga kusan kilo 24, uku ko huɗu sun riƙe injin doki 40 in jirgin ya cika da ruwa. Jirgin da ya cika amma bai nutse ba shi ne abin da mutane za su riƙe har taimako ya zo.

Ƙara katako a baki yana ƙara rata, gaskiya ne, amma in dai don a ƙara lodi aka yi, an ɓata kuɗi an ƙara haɗari. Zuba yashi ko ƙarfe a gindi yana sauke nauyi ƙasa, sai dai yana cin rata, kuma in ba a ɗaure shi ba zai zame. A buɗaɗɗen jirgi ban cika son sa ba. Babban inji kuwa, wanda sau da yawa kuɗinsa ya fi na gangar jirgin katako, ba ya gyara komai a nan. Shimfiɗaɗɗen gindi da aka sa wa gudu yakan zame gefe a kwana, kusurwar gindin ta cije ruwa, ya wuntsila.

In jirgin fasinja ne, ware kuɗin masanin da zai duba shi, da na rajista da LASWA, hukumar hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, da NIWA, takwararta ta gwamnatin tarayya, da rigar kariya ga kowace kujera. Hukumomin biyu sun wajabta rigar, sun kuma hana tafiyar dare.

10. Ja layi da fenti

Da lodin da ya ci gwaji a ciki, sa alama a daidai ruwa a gefe biyu, tsakiya da baya. In an sauke kaya ka ja layi mai kauri da fenti mai haske, ka rubuta adadin mutane da na buhuna inda kowa zai gani. Da damina ka bar ɗan sarari ƙasa da layin, domin ruwan tafki yana rage gishiri jirgi ya ƙara nutsewa kaɗan, katako da buhuna kuma suna shan ruwa su ƙara nauyi.

Tafiyar farko a yi ta da rabin lodi. Gwada kwana a hankali ta dama da hagu, gwada rage gudu kana kallon baya, ka tari igiyar wani jirgi a karkace da goshi bayan ka sassauta, kada ka ba ta gefe. Duk ranar da aka canza inji, aka sa rumfa, ko aka sauya kujeru, a sake gwajin jarka daga farko, a goge tsohon layin in ya kama.